Masu Farautar Akwatin Ɓoye da Hirar Shigar Burtu

Sharhinmu na yau zai leƙa wani irin zama da ake yi a biranen duniya tsakanin baƙo da 'yan gari waɗanda ba su taɓa ganin juna ba, amma wasa ɗaya ya haɗa su. Sunan wasan geocaching, farautar akwatin ɓoye da na'urar GPS. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Maris kuwa, lokacin da garuruwa da yawa ke cika da masu ɓad da kama, hirar teburin takan karkata zuwa bukukuwan shigar burtu: yaushe ake yi a garinku, me ake sawa, wa kuma ke buɗe wa masu shigar ƙofa.

Wasan kansa bai tsufa ba. A farkon watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka, zamanin Shugaba Bill Clinton, ta daina dagula saƙon taurarin GPS da farar hula ke amfani da shi. Kafin nan sojoji ne kaɗai ke samun saƙon tsantsa, na'urar matafiyi kuwa takan kauce da tazarar da ta kai mita 100. Da aka janye takunkumin, kuskuren ya ragu kusan ninki goma. Ranar 3 ga watan, wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ɗauki baƙin bokiti ya zuba littattafai da kaset na bidiyo da gwangwanin wake da 'yan kuɗi, ya ɓoye shi a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, sannan ya wallafa lambobin wurin a intanet don ya ga ko wani zai gano shi. Cikin 'yan kwanaki aka gano. Sharaɗinsa mai sauƙi ne: wanda ya ɗauki abu ya ajiye wani a madadinsa, ya kuma rubuta sunansa a littafin da ke ciki.

A watan Satumba na wannan shekarar Jeremy Irish ya buɗe rumbun da ke tattara lambobin akwatunan daga birnin Seattle. Yau akwai akwatuna fiye da miliyan 3 a ƙasashe fiye da 190, har da guda da Richard Garriott ya bari a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2008. Doka ta hana binne akwati a ƙasa, ta hana sa abinci a ciki saboda dabbobi, ta kuma ce tsakanin wani akwati da wani a sami tazarar mita 161 aƙalla.

Mai farauta zai bi allon wayarsa har ta nuna saura mita uku ko huɗu. Daga nan waya ta gama nata, sai ido da hannu. Ya sunkuya ya duba ƙarƙashin benci, ya laluba bayan allon hanya, ya ɗaga dutsen da ya ga zamansa bai yi kama da na sauran ba, duk yana fakon idon masu wucewa. Abin da zai samu bai taka kara ya karya ba: 'yar robar abinci, a ciki ƙaramin littafi da ya sha danshi, guntun fensir, da tarkacen kayan wasan yara. Ya rubuta suna da kwanan wata, ya rufe, ya mayar daidai yadda ya tarar. Ribar tana wurin da akwatin ya kawo shi, domin galibi mai ɓoyewa ɗan gari ne da ya zaɓi wata tsohuwar rijiya, ko gada, ko kan tudu, ya rubuta tarihin wurin, yana so baƙo ya zo ya gani da idonsa.

Mutanen da suka saba gabatar da garinsu ta wannan hanya ba sa wahalar hira idan sun haɗu. Wasan yana da tsarin taro: duk mai so zai miƙa sanarwa mako biyu kafin ranar, ya ba da lambobin wurin haɗuwa, zaman kuma ya kai rabin awa aƙalla. Matafiya sun mai da wannan al'ada. Wanda zai je hutu ko aiki wata ƙasa yakan kira zaman gaisuwa a dandali ko shagon shayi, 'yan gari su zo su tarbe shi. Taron da ya tara mutum 500 yana da matsayinsa, wanda ya kai 5,000 kuma yana da nasa, kuma na farko a wannan aji an yi shi a filin wasan Olamfik na Munich a watan Agusta na 2014. A irin waɗannan manyan taruka ake ganin wani sanye da shigar koren kwaɗo mai eriya a ka, tambarin wasan, yara da manya suna layin ɗaukar hoto da shi. 'Yan Jamhuriyar Cek kan zo da sulallan katako masu ɗauke da laƙabinsu suna musaya. Amma hira mai daɗi tana ƙananan zama, inda mutum goma ke kewaye da teburi ɗaya.

Idan Ba'amurke ne baƙon, kuma Oktoba ta yi nisa, tambayarsa ta farko kan kasance game da Halloween, daren 31 ga wata da yara ke shigar dodanni da mayu da jaruman fim suna bi gida-gida karɓar alawa. A wajensa wannan babbar harka ce: ƙungiyar 'yan kasuwar sari da sayarwa ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2023 za a kashe dala biliyan 12.2 kan kayan shiga da alawa da ado. Ɗan Ailan da ke teburin zai tuna masa cewa tushen abin daga wajensu yake, daga tsohon bikin Samhain da ke nuna ƙarshen girbi da shigowar duhun hunturu. Mutanen da yunwar shekarun 1840 ta kora zuwa Amurka su ne suka tafi da al'adar, kuma a can ne kabewa ta maye gurbin wata ƙaƙƙarfar saiwa da suke fafewa a gida su sa mata kyandir. Zai ƙara da cewa akwatin ɓoye na farko a nahiyar Turai yana tudun Bray, kudu da Dublin, tun watan Yuni na 2000, kuma har yau masu wasan na yin takakkiya su sa hannu a littafinsa. Ɗan Sikotilan kuwa zai ce a wajensu yaro ba ya karɓar alawa a banza, sai ya yi waƙa ko ya ba da abin dariya tukuna.

Bajamushe, wanda ƙasarsa na cikin inda wasan ya fi karɓuwa a duniya, yana da dogon jawabi. A jihohi da dama na Jamus 31 ga Oktoba hutu ne na tunawa da Martin Luther da sauyin da ya kawo a coci a 1517. Halloween baƙo ne da ya shigo a shekarun 1990, kuma masu sana'ar kayan shiga da kansu suna cewa su suka tallata shi bayan asarar da suka tafka a 1991, shekarar da aka soke jerin gwanon bikin kanibal saboda yaƙin Tekun Fasha. Ranar da Bajamushen bakin kogin Rhine ke jira ita ce 11 ga Nuwamba, ƙarfe 11 da minti 11 na safe, lokacin da ake buɗe kakar kanibal. Da yammacin wannan rana kuma yara ke yawo da fitilun takarda don tunawa da waliyyi Martin, a wasu garuruwa suna waƙa a ƙofar gidaje ana ba su kayan zaƙi.

Ainihin shagalin sai Fabrairu ko farkon Maris, a kwanakin ƙarshe kafin Kiristoci su shiga azuminsu na kwana 40. A Kolon kwamitin da ke shirya bikin yana aiki tun 1823, kuma a jerin gwanon Litinin ta ƙarshe kafin azumin ana watsa wa jama'a alawa da cakulan da suka kai kusan tan 300 daga saman motoci. Ranar Alhamis da ta gabace ta ta mata ce. Tun 1824 mata masu wankau a Beuel, wadda yanzu unguwa ce a Bonn, suka kafa nasu kwamitin don su ma su sami ranar hutu. Har yau a wannan rana mata kan mamaye ofishin magajin gari su karɓi makulli, su bi maza da almakashi suna datse ƙyallen nan da masu kwat ke ɗaurawa a wuya, namiji kuma ba shi da ikon fushi. A kudu maso yammacin ƙasar salon daban ne, fuskokin katako ne da aka sassaƙa da hannu, wasu ana gadonsu daga kakanni. Tsallaken iyaka a Basel ta Suwizalan, ƙarfe 4 na asubahin Litinin ta farko bayan shigar azumin ake kashe fitilun tsakiyar gari gaba ɗaya, masu sarewa da ganguna su fito da manyan fitilu masu zane, a yi awa 72 cif.

Wanda ya fi kowa tsare gida a wannan hira shi ne mutumin Binche, ƙaramin gari a Beljiyam. Gwarzon bikinsu ana kiransa Gille, kuma ba ya fitowa sai ranar Talata ta ƙarshe kafin azumi. Tun kafin asuba ake shirya shi a gida: a cusa masa ciyawa gaba da baya cikin riga mai zanen zakoki da kambi, a ɗaura masa ƙararrawa a ƙugu, ya sa takalman katako. Ba ya taka waje sai da makaɗi a gefensa, don haka mai ganga ke bi gida-gida yana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya cikin sanyi. Da hantsi su kusan dubu za su rufe fuska da abin rufe fuska na kakin zuma iri ɗaya, mai koren tabarau da siririn gashin baki, ta yadda ba a bambanta likita da lebura. Da rana su ɗora hular gashin jimina, su riƙe kwandon lemo suna jifan jama'a da shi. Lemon kyauta ce ta fatan alheri, mayar da jifan kuwa cin fuska ne, kuma masu gidajen kan hanya kan rufe tagoginsu da ragar waya tun kafin ranar. Ba a ba bare wannan shiga, ba a kuma fita da ita wajen garin. Hukumar UNESCO ta karrama bikin tun 2003.

Daga nan hira takan yi sauri, kowane tsuntsu yana kukan gidansu. Ɗan Ostiriya ya kawo Krampus, dodo mai ƙaho da sarƙa da ke fitowa daren 5 ga Disamba yana tsorata yara marasa ji. Ɗan Sulobeniya ya nuna hoton Kurent na garin Ptuj, cikin fatar tumaki da manyan ƙararrawa da dogon jan harshe, yana korar hunturu, 'yan mata suna ɗaura masa hankici. 'Yar Suwidin ta ce su a makon Ista ne yara ke shafa ja a kumatu, su ɗaura ɗankwali, su ɗauki tsintsiya da tsohuwar buta a matsayin mayu, su miƙa zanen da suka yi da hannu a ba su alawa. Ɗan Meziko ya nace cewa ranakun 1 da 2 ga Nuwamba na ziyarar kaburburan dangi ne, kada a haɗa su da Halloween, ya kuma faɗi cewa babban jerin gwanon da 'yan yawon buɗe ido ke tururuwar gani a babban birninsu an fara shi ne a 2016, bayan wani fim ɗin James Bond ya nuna irinsa.

Na Japan yana da abin lura. A yankin Oga da ke lardin Akita, daren 31 ga Disamba samari kan yi shigar Namahage: fuskar dodo ja ko shuɗiya, mayafin ciyawa, wuƙar katako da bokiti a hannu. Suna shiga gida da ruri suna neman yaro mai kuka ko malalaci. Mai gida zai zauna da su cikin ladabi, ya ba su abinci da abin sha, ya ba da shaidar cewa yaransa sun yi ƙoƙari a bana kuma za su ƙara a baɗi. Dodannin su sa albarka su wuce gida na gaba. UNESCO ta sa al'adar cikin jerinta a 2018, amma ƙauyukan suna tsufa, samarin da za su ɗauki shigar sun yi ƙaranci, yaran da za a tsorata ma haka.

Masu sauraro, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya riga ya ji wani abu na motsi a ransa. Ɗalibi ko ɗan kasuwa Bahaushe da ya sami kujera a wannan teburi ba zai zauna hannu rabbana ba, domin yana da tashe. Da azumi ya kai kwana goma, bayan an sha ruwa, yaro zai liƙa gemun auduga, ya cusa tsummoki a ciki, ya ɗauki sanda yana tafiyar tsoho, abokansa na biye da gwangwani suna kiɗa. Wani ya yi shigar malami da allo, wani ta mai magani da tarkacen saiwoyi, 'yan mata su kwaikwayi zaman miji da mata da rigimar kishiyoyi. A tsakar gida za a yi dariya, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi, sau da yawa kuma wanda wasan ya taɓa yana cikin masu kallo. A Kano akwai sarautar Nalako, mai jagorantar tashen gwauraye. A Wagadugu ta Burkina Faso ma yara na fita wasan Dodo da dare a watan azumi cikin shigar dabbobi, al'adar da ake dangantawa da fatake Hausawa na ƙarni na 19. Ɗan Kuwaiti ko Ƙatar zai gane zancen nan take, domin su ma a tsakiyar Ramadan yaransu na sa kayan gargajiya, su rataya jakar ƙyalle a wuya, su bi gidajen maƙwabta ana zuba musu gyaɗa da alawa.

Addinai sun bambanta, dalilan da kowace al'umma ke bayarwa sun bambanta, kuma ba daidai ba ne a ce duk abu ɗaya ne. Abin da masu hirar ke ganowa shi ne ginshiƙan sun yi kama. Akwai lokaci sananne a mahaɗar shekara, ƙarshen girbi ko gab da azumi ko tsakiyarsa. Akwai izini na ɗan lokaci da ke ba yaro damar kwaikwayon dattijo, mace ta karɓi makullin gari. Sannan akwai ƙofa: wani ya zo cikin kamar da ba tasa ba, mai gida ya buɗe saboda ya san ko ɗan wane ne a ƙarƙashin shigar, kowa ya ba da wani abu. Wannan ƙofar ce ta fi komai muhimmanci, kuma masu farautar akwati sun fi kowa saurin fahimtarta, tunda nasu wasan ma a kan amana yake tsaye. Akwati miliyan 3 na zaune a fili babu kwaɗo babu mai gadi, suna jiran baƙon da zai buɗe ya mayar.

Inda aka rabu da ƙofar gida da sanayya, nan matsala ke kunno kai. Ranar 29 ga Oktoba, 2022, mutum 159 suka rasa rayukansu sakamakon turmutsutsu a wani ƙuntataccen lungu na unguwar Itaewon a Seoul, inda dubban matasa suka taru don Halloween. A Shibuya ta Tokyo hukuma ta hana shan giya a titi a daren tun 2019, kuma a 2023 shugaban gundumar ya fito ya roƙi mutane kada su zo. Izinin zolaya ma yana da iyaka. A Disamba 2019 UNESCO ta cire kanibal na garin Aalst a Beljiyam daga jerinta, bayan wata mota a jerin gwanon ta fito da siffofin Yahudawa zaune kan buhunan kuɗi. A Holan an shafe shekaru ana jayayya kan masu shafa baƙi a fuska a bikin yara na Disamba, har garuruwa da yawa suka daina. A gida kuma, a 'yan shekarun nan 'yan sanda a Kano sun sha dakatar da tashe, suna cewa 'yan daba na fakewa da shi suna ƙwacen waya da faɗan unguwa.

Tsoron gaskiya ne, ran yaro ɗaya ya fi kowace al'ada. Sai dai garuruwan da suka riƙe nasu bikin tsawon ƙarnoni sun yi hakan ne da tsari. Kolon ta hana shiga wasu unguwanni da kwalba a ranakun kanibal tun 2010. Basel na sayar da ɗan bajo na ƙarfe kowace shekara, kuɗin ya tafi wajen tallafa wa ƙungiyoyin da ke fita. A Binche kowane Gille yana cikin ƙungiya da ta san shi, ta san gidansu. Ƙasar Hausa ba ta rasa irin waɗannan hannaye ba: akwai masu unguwanni da dagatai, akwai malaman Islamiyya da iyaye, akwai masu riƙe da sarautun wasan. Ana iya ƙayyade lokaci daga shan ruwa zuwa wani ƙarfe, a tsayar da kowace tawaga a layinsu, babba ɗaya sananne ya riƙa raka ta, a kuma ware fili ɗaya a kowace unguwa inda manyan 'yan wasa za su fito a gaban jama'a. Gidajen rediyo da talabijin da sassan nazarin Hausa na jami'o'i na iya naɗar wasannin daga bakin dattawan da suka san su tun ana iya samunsu, a ajiye tare da sunan gari da shekarar da aka ɗauka.